Sabulun Inna da Tankin Motata

Ko me zan manta a rayuwata, ban da ranar da Inna, mahaifiyata, ta fara shiga motar da na haɗa da hannuna.

A lokacin ina gyaran injinan ban ruwa a Morai. Shekara biyu na yi ina tsince-tsince: injin tsohon keke mai ƙafa uku, tayoyi huɗu da ba su yi kama da juna ba, langa-langa, da tankin wani mataccen janareto da na ɗaura daga ƙarƙashi. Ranar da motar ta tashi, unguwa ta ɗauki tafi. Inna kuwa leƙowa ta yi daga zaure ta ce, "Wanga akurkin kaji shi ne mota? Ni dai ba da ni ba."

Wata safiya aka bugo waya daga Bakura, cewa jikin yayarta ya yi tsanani, kuma sunan Inna kawai take kira. Ba ranar kasuwa ba ce, babu motar haya, ciwon gwiwa kuma ya hana ta hawa babur. Ta daɗe tsaye tana kallon motar. Can ta yi bismillah ta shiga, ƙullin kayan dubiya a cinya.

Mun yi nisa a kan hanyar burji sai na ji ƙwal! daga ƙasa, sai kuma warin fetur. Na kashe inji na shige ƙarƙashi. Dutse ne ya huda tankin, ɗan rami kamar ƙwayar wake, mai yana ta tsiyaya. Na cusa tsinke da leda, bai tsaya ba. Na cusa tsumma, ya jiƙe sharkaf. Ƙarshe na danne da yatsa, ina kwance cikin ƙasa, hagu da dama gonakin dawa ne kawai. Ba motar ce ta dame ni ba. Tunanina ɗaya ne: ni zan zama sanadin da ba za ta iske 'yar'uwarta da rai ba.

Ina jiran faɗa sai na ga ta durƙusa a gefena, da gwiwoyin nan da ko sallah a zaune take yi saboda su.

"Mi ya hwaru?"

"Tanki ya huje, Inna. Ki gafarce ni."

"Gafarar mi? Kai ka aje dutsen?"

Ta kwance ƙullinta, ta zaro sandar sabulu da ɗaurin sukari. Ta gutsuri sabulun, ta ɗiga masa ruwan buta, ta yi ta murza shi da sukari a tafin hannu har ya yi danƙo.

"Ɗauke yatsa, danna wanga da ƙarfi."

Na danna, amma a raina ina cewa wasa ne. Ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, shiru. Na bi ta da kallo baki sake.

"Kana goye nike saida kananzir," in ji ta. "Garwata ta huje ya fi a ƙirga, wa ka tsammani ya liƙe ta? Mai bai narka sabulu, ruwa ne kaɗai abin tsoro. In ka ga kwatami ka kauce."

Na ɗaure wurin da robar tsohon tif na taya, muka kama hanya a hankali. Bini-bini sai in tsaya in leƙa. "Ya riƙe?" "Ya riƙe, Inna." "To taka, ɗan nan."

Kafin azahar muka isa. Yayarta ta gane ta, suka riƙe hannun juna suna magana ƙasa-ƙasa har la'asar. Bayan kwana biyu Allah ya karɓi ran yayar.

Daga baya na cire tankin, na wanke shi tas har warin mai ya fita, na kai aka liƙe da dalma a Talata Mafara. Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Shekara talatin ina gida ɗaya da matar nan, ina ganin ni ne masanin ƙarfe da mai, ban taɓa tambayarta da wace sana'a ta raine ni ba. Tun daga ranar nake zama kusa da ita ina tambaya, kuma ban taɓa tashi hannu wofi ba. Wanda iyayensa ke raye, ya tambaye su tun suna iya ba shi amsa.