Filafilin Baya

Ranar kasuwa ce, a kakar shekarar da na cika goma sha huɗu, na je bakin kogi da laujena don in shiga jirgin masu yankan shinkafa. Na sa ƙafa ɗaya ciki ke nan, sai Alhaji Tanko, mai gonar da za a yanka, ya ɗaga sanda ya tokare min ƙirji. Ya ce, "Sauka. Ba na ɗaukar ɗan ƙwaya." Kowa ya ji. Har yaran da muke langa da iyo tare suka sunkuyar da kai. Na sauka, ruwa na jiƙa min wando, jirgi ya tafi.

Alhaji Tankon ne ya koya min ƙwayar. Ban shiga lekol ba, wato makarantar boko, tun ina ƙarami korar tsuntsaye nake yi a gonarsa da gwangwani da majajjawa, daga baya aka ba ni lauje. Kullum da safe yaronsa na kawo mana shayi a babbar buta, an narka tramol a ciki, mu sha mu yi ta yanka har la'asar ba yunwa ba gajiya. Da kaka ta wuce buta ta daina zuwa, jikina bai daina nema ba. Na sayar da agwagin innata. Na faɗi a tasha ina kumfa. Inna ce ta kai ni likita, sannan ta kulle ni a ɗakin da take ajiye bandar kifi, tana ba ni kunu ina amai, har jikin ya saki. Na fito da hankalina, amma a garinmu Gaya ba wanda ya yarda ya ba ni ko da jan akuya. Idan na shiga zaure, sai a janye takalma kada in sace.

Wani tsohon masunci, Baba Hima, yana gyaran taru a gefe ranar da aka sauke ni. Bai ba ni haƙuri ba. Ya nuna min jirginsa ya ce, "Kai yaro, zauna baya." Wanda ke baya shi ke juya jirgi, in ya yi kuskure a tsakiyar ruwa duka za a kife. Jikokinsa biyu na ciki. Ya juya min ƙeya ya ci gaba da ɗinkinsa. Na kai su tsallake. Washegari mutanen da ke janye takalma suka ga wanda ke tuƙa jikokin Baba Hima.

Baba Hima ya rasu, Allah ya jiƙansa. Yanzu jirage biyu gare ni, kuma duk masu tuƙa su yara ne da suka bar ƙwaya. Ba na yi musu wa'azi, baya nake zaunar da su. Wani ya koma wa ƙwaya, wasu sun yi aure. Kogin ya cika da inji, ba a jin waƙar masu filafili kamar dā, kuma tsofaffi irin Baba Hima sun yi wuya.

Alhaji Tanko ya tsufa, jirginsa ya ruɓe, gonar kuwa tana tsibiri. Bara ya aiko ɗansa yana neman mu ɗauko masa shinkafa kafin ruwa ya cinye. Na ce a gaya masa duk 'yan ƙwaya ne a jirgina. Ruwa ya cinye. Liman ya ce in yafe, na ce na ji. Ban kai can ba tukuna.