Mu Sake

Mijin Yayata ba wanda ke kiransa da sunansa na yanka. "Mu-sake" kowa ya sani, har 'ya'yansa in sun so tsokana. Mai shirya shirin talabijin ne, kuma duk abin da aka ɗauka, komai kyansa, sai ya ɗago kai daga bayan kyamara ya ce, "Ya yi kyau. Mu sake." Ni da nake ɗinka wa Yaya kayan da take fitowa da su, na sha ce masa, "Kai dai ranar aurenka ma na san sai da ka ce a sake." Ya ce, "Da an yarda da na sake, amma da ita dai."

Yaya ce ke gabatar da shirin. Mata suke bi wuraren sana'arsu, mai kitso, mai saƙa, ungozoma, har wata mai gyaran rediyo. Yaya ta zauna gefen mace tana jan ta da hira, shi yana ɗauka. Ƙa'idarsa guda ce, ba ya sauya ta: fuska a can sama, dab da bakin hoton, hannu a can ƙasa yana aiki. "Ido da hannu su ne mutum," in ji shi. "Abin da ke tsakani riga ce kawai."

"Rigar da na ɗinka kake rainawa?" in ce.

"Wane ni, ƙanwata!"

Haka suka yi shekara da shekaru. Sai aka ce an koma dijital. Kowa ya sayo dikoda, tashoshi suka cika akwati har mutum ya gaji da latsawa. Tashar garinmu ta ce hoton Mu-sake ya tsufa, kyamararsa ba ta dace da sabon tsari ba. Aka cike lokacinsa da finafinan waje da aka ɗora wa murya. Ya sayar da kyamarar, ya koma zaman gida. Shekarar ba ta ƙare ba Yaya ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke sai kalma ɗaya-biyu da ƙyar. Abin da ya fi karya min zuciya, duk ranar da aka saba nuna shirin, in yamma ta yi sai ta kafa wa talabijin ido tana jira. Shi kuma ya tashi ya fita tsakar gida wai zai duba famfo.

Da aka sanar za a tallafa wa masu shirye-shirye na gida, na ce to, an tuna da su. Taro aka yi a otal, aka sha jawabi, Mu-sake ya dawo da hula da jaka. Na ce, "Tallafin ke nan? Hular za ka ɗauki hoto da ita?" Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma shi fuskarsa fes, don an yi alkawarin abu guda: tasha za ta karɓi tsofaffin kaset, ta juye su zuwa sabon tsari, ta sake nunawa.

"Za ta gani," ya ce da ni a hankali, yana nuna ɗakin Yaya da baki. "Abin da nake so ke nan."

Ya sauko da kwalaye daga saman wadrob, ya goge kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya da tsohon ɗankwalinta. Ni na raka shi tashar. Shugaban shirye-shirye mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. Miƙewa ya yi tsaye, ya ce da shirin nan ya girma. Sai dai ya yi bayani: na'urar juyewar aro ce, za a mayar da ita, kuma ba su da wurin ajiya, in an juye kaset za a zubar da shi. Na ga hannun Mu-sake ya tsaya a kan kwalin. Na zungure shi, na ce a dawo mana da kayanmu mana. Mu-sake ya ce da ni, "Da me za mu kunna su? Namu injin ya mutu tuntuni." Ya tura kwalin gaba.

Ranar da za a fara nunawa, muka ɗauko Yaya muka kawo falo, muka tokare ta da filo. Na ɗaura mata ɗankwali, na shafa mata hoda. Kiɗan shirin ya tashi, ɓarin bakinta mai motsi ya yi murmushi. Wallahi na ɗauka ranar farin ciki ce.

Sai hoton ya fito. Tsohon hoto kusan murabba'i ne, sabuwar talabijin kuwa mai faɗi ce. Don hoton ya cika gilashin ba baƙi a gefe, na'ura ta datse sama ta datse ƙasa. Idon Yaya ya tafi. Hannun mai saƙar ya tafi. Abin da ya rage haɓa biyu ne suna motsi, da shuɗiyar rigar nan da na yi wa aiki a wuya. Murya na cewa, "Dubi yadda take juya zaren nan," ba zare, ba yatsa.

Mu-sake ya fita baranda da waya, na bi shi. Ina jin shugaban yana ba da haƙuri, wai duka haka aka juye su, ba wanda ya lura. Kaset ɗin fa? Motar shara ta kwashe tun makon jiya. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba. Na buɗe baki zan zazzaga masifa, ya ɗaga min hannu, ya share fuskarsa da hular taron nan, muka koma ciki.

Yaya na nan ta ƙura wa talabijin ido, goshinta a tattare. Ta juyo da ƙyar ta dube shi, irin kallon da take masa in yana bayan kyamara. Bakinta ya yi ta rawa kafin maganar ta fito.

"Mu... sake."

Ya durƙusa gabanta ya riƙe hannunta mai lafiya. Ina tsaye ina jira ya ce wani abu, ko da ƙarya ce. Sai ya sa tafinsa ya tallafo fuskarta, yana kallon idonta, yana kallon hannunta. A bayansa rigata na ta hira a talabijin.