Abin da Ba Mu Binne Ba

A gidanmu duk abin da ya rabu da jikin mutum binne shi ake yi: gashi, farce, haƙorin da ya faɗi. Cibiyar ɗana na fari ma tana gindin zogalen bayan ɗakina. Shi ya sa ranar da likita ya ajiye mana wata takardar neman izini a kan gado, sai na ji gabana ya faɗi.

Ɗan nawa magidanci ne a lokacin, da matarsa da 'yarsa, yana noman shinkafa a bakin kanal ɗin ban-ruwa wajen Kadawa. Ciwon kai ya fara damunsa da rani. Wata safiya ya je buɗe wa gonarsa ruwa, ya yanke jiki ya faɗi a kan kunya. A asibitin birni aka ɗauki hoton kansa, aka ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, mai saurin girma. Aka yi masa aiki, aka ciro abin da ya ciru.

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce abin zai dawo. Roƙonsa shi ne a bar musu guntun da aka ciro, su adana don bincike. Ya ce a jinin kowane mutum akwai wasu ƙwayoyi masu yaƙar cuta, amma wannan ƙarin kama yake da naman jiki, sai su wuce shi ba su gane shi ba. Masana a ƙasashen waje suna ƙoƙarin koya musu gane shi. Na tambaya ko hakan zai taimaki namu. Ya sunkuyar da kai, ya ce a'a, sai dai wasu, nan gaba da nisa.

Malam, wato mahaifinsa, ya ce ba a barin naman Musulmi a kwalba, a ba mu abinmu mu kai shi ƙasa. Ni ma zuciyata can ta karkata.

Sai mai jinyar ya motsa. Maganarsa ta yi nauyi, sai an kasa kunne.

"Inna, kin tuna ciyawar nan mai kama da shinkafa? Da nake ciro dashe ina barin ta?"

Na ce na tuna. Damina guda Malam ya yi yana riƙe masa hannu kafin idonsa ya iya rabe su.

"To su ma ƙwayoyin nan na jini sai an nuna musu. Baba, a bar musu su gani."

Malam ya ce shi dai ba zai dangwala ba, amma ba zai hana ba. Hannun yaron na dama kuwa ya daina riƙe biro. Sai ya rage ni, da 'yar bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci. Na sa likita ya karanta mini takardar sau biyu, sannan na rubuta sunana a hankali, harafi bayan harafi. Yaron yana murmushi, wai layina ya karkace kamar kunyar sabon manomi.

Ya rasu bayan an yanke shinkafar damina. Aka kai shi makwancinsa, ban da ɗan guntun nan.

Ban san inda binciken ya kai ba. Amma duk ranar da ake shirin lafiya a rediyo, Malam da kansa yake ƙaro murya, ya ce mini in matso kusa.