Rigar da Na Ji Tsoron Zaɓa

Shekarun baya, lokacin da ƙasarmu take cikin jihar Kano kuma mutane suna ta rikicewa da sabon kuɗi na naira da kwabo, ina zaman aure a Gwaram. Maigidana direban motar haya ne. Yana ɗaukar fasinja da buhunan gero zuwa Birnin Kudu, wani lokacin ya zarce Kano. Zamani ne da kaya suka fara yawa a kasuwa. Wanda bai taɓa riƙe rediyo ba ya saya, kayan jarirai 'yan kanti kuma suka shigo har ƙauye, masu maɓalli da ɗan zanen agwagwa a ƙirji.

Da na samu cikin fari, tun bai gama fitowa ba maigidana ya fara tara kaya. Duk zuwansa Kano sai ya dawo da wani abu, yau riga, gobe hula. In na idar da aikin gida sai in rufe ƙofa in baje su a kan gado, in ninke, in sake warewa. Na haifi ɗa namiji, amma ko arba'in bai kai ba Allah ya karɓi abinsa. Ta biyun mace ce. Ita ta ɗan daɗe, har ta fara zama tana miƙo hannu in ta gan ni, sai ƙyanda ta shigo gari ta tafi da ita.

Daga nan na ɗora wa kayan laifi. Na sa a raina cewa ɗokin da muka yi da yawan nuna kaya ga 'yan barka shi ya jawo mana baki. Na tattara akwatin kayan gaba ɗaya na ba wata mata da ke zuwa tallan nono daga Basirka, ban ko buɗe shi ba. Da na samu ciki na uku, sai na zaunar da maigidana na ce, "Malam, abu ɗaya nake roƙo. Ko zare kada ka saya." Ya dube ni ya ce to.

Da ciki ya tsufa, mahaifiyata ta aiko a kawo ni gida Birnin Kudu, saboda a can asibiti yana kusa. Inna mace ce mai kunya irin ta mutanen da, ba ta kiran sunana, ba ta yawan magana, in ta so ka sai dai ka gani a kwanon abincinka. A hannunta na haifi 'ya mace, 'yar mitsitsiya, a tsakiyar bazara. Inna ta yaga wani tsohon zanenta da ya sha wanki har ya yi laushi, ta naɗe ta a ciki. Na ce a raina shi ke nan, wannan ya ishe ta.

Gaskiyar magana, ko kallon yarinyar ba na son yi sosai. Ina ba ta nono fuskata tana bango. In ta yi kuka in ɗauke ta, in ta yi shiru in ajiye. Ba ƙi ba ne. Ji nake kamar baƙuwa ce da ta biyo hanya, kuma in na sake na saba da ita, tafiyarta za ta kashe ni.

Maigidana ya zo barka, ya tsaya a zaure saboda kunyar surukai. Na lallaɓa na je na same shi. Bayan mun gaisa ya ce, "Na yi yadda kika ce, ban sayi komai ba. Sai dai shekaranjiya na tsaya a gaban wani shago a kasuwar Kwari ta Kano ina kallon rigunan yara, har mai shagon ya fito min da kujera." Ya yi dariya kaɗan, amma idonsa ya kaɗa. Na juya na koma ciki.

Ana saura kwana kaɗan suna, da hantsi, na fito daga wankan jego ina zaune a ɗakin Inna, sai ga sallamar dillaliyar unguwarmu, wata dattijuwa mai yawo gida-gida da ƙunshin kaya a ka. Inna ce ta aika mata ban sani ba. Ta sauke ƙunshin a kan tabarma ta kwance, ɗakin ya cika da ƙanshin sabon yadi. Wannan ƙanshin ne na akwatina na fari. Nan take na kau da kai.

"Mai jego, matso ki zaɓa wa amarya," in ji dillaliya. "Jiya-jiya aka kawo su daga Kano."

Na ce, "Ba ma bukata, Baba. Tana da zane."

Ta dubi Inna. Inna ta ce, "Da tsumma za a fito da ita ranar suna, dangin ubanta suna zaune?"

Don a rabu da ni, na miƙa hannu ba tare da na duba ba, na zaro wata 'yar farar riga wadda ta fi kowacce ƙanƙanta. Na ce, "To ga wannan. Guda ɗaya ta isa."

Inna ba ta karɓa ba. Ta sa hannu can ƙasan ƙunshin ta jawo wata riga ruwan ɗorawa, mai tattara a ƙugu, irin wadda sai yarinyar da ta fara tafiya za ta sa. Ta ɗaga ta sama tana dubawa, ta ce wa dillaliya, "Har da wannan."

Ban san lokacin da murya ta fito min ba. "Inna, wa ya ce miki za ta kai?"

Dillaliya ta miƙe ta ce bari ta sha ruwa a randa, ta fita ta ba mu wuri. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, don ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta shimfiɗa rigar a cinyarta tana shafa tattarar da tafin hannu. Can ta ce, "Kin san ba ke ce ta fari ba."

Na san an haifi wasu kafin ni, amma ba zancen da ake yi ba ne a gidanmu. Ko laƙabin da ake kirana da shi irin na 'ya'yan wabi ne, ban kuma taɓa tambayar dalili ba.

"Uku na binne," in ji ta. "Da kika zo, tsofaffi suka ce kada a yi miki ado, kada a nuna an damu da ke. Na bi. Tsumma na ɗaura miki har kika yi rarrafe, har kika miƙe. Kullum ina cewa gobe za ta tafi. Sai wata rana na ɗaga kai na gan ki a bakin ƙofa kin dawo daga makarantar allo, kin yi tsawo." Ta ninke rigar. "Ke kika zauna. Amma in kika tambaye ni yadda fuskarki take kina jaririya, ban sani ba. Ban kalla ba. Waɗanda suka tafi ina tuna kamanninsu ɗaya bayan ɗaya, ke da kika rayu ce na rasa."

Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai tsawon haka ba. Ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa. "Rai na Allah ne. Riga ba ta kira mutuwa, tsumma kuma ba ya korar ta. In kwana kaɗan aka ba ki da yarinyar nan, to ki yi su kina kallonta. In shekaru ne, kada ki zo kina neman fuskarta irin yadda nake neman taki."

Ta ɗauko jaririyar daga kan gado ta ɗora min a cinya, ta ware zanen. A ranar na fara ganin 'yata da gaske. Ashe tana da ɗan baƙin tabo a bayan kunne. Ashe yatsun ƙafarta dogaye ne irin na ubanta. Na yi kuka har sai da hawaye ya ɗiga a cikinta ta zabura, Inna ta ce, "To, kin yi mata wanka na biyu."

Da dillaliya ta dawo, muka zauna zaɓe na sosai. Inna ta nuna min yadda ake yi. Ta ce in juya kowace riga in goga ɗinkin ciki a kumatuna, in ya soke ni to zai soki yarinya. Muka ajiye masu leshi a wuya saboda ƙaiƙayi, muka ajiye masu maɓalli a baya saboda a kansu za ta kwanta. Muka duba wuyan kowacce ko kai zai shiga ba tare da an wahalar da ita ba. Na ɗauki masu laushi marasa nauyi, na ɗauki tawul, na bar mai ruwan ɗorawar nan a cikin kayan ban ce a cire ba.

Sai kuma abin ya wuce gona. Ni da na ce ko zare ba na so, sai ga ni na rungume wata hular ulu da safarta, ja wur, na ce lallai sai an bar min. Inna ta ce, "A wannan zafin?" Na ce ai da asuba ana ɗan sanyi. Ranar suna na cusa wa baiwar Allah hula da safa, ana zufa ko a inuwa. Kafin azahar wuyanta ya feso da ƙuraje, tana ta tsala kuka, 'yan suna suna tambaya ko daga Jos muka zo da ita. Inna ta zare hular, na ga kafaɗarta tana rawa don dariyar da take dannewa.

Aka kai wa maigidana ita zaure cikin farar riga. Ƙanwar babana da ta miƙa masa ita ta dawo tana cewa ya riƙe ta ya ƙi bayarwa, har sai da aka tuna masa mutane suna jira. Bayan sati ya dawo daga Kano da kaya niƙi-niƙi, ya ce mai shagon nan ya gane shi tun daga nesa.

Ba zan ce tsoro ya tafi daga ranar ba. Duk zazzaɓin da yarinyar ta yi, sai in kwana zaune a kanta. Amma na daina juya fuska bango. Ta yi rarrafe a Gwaram, ta yi tafiya, ta sa rigar ruwan ɗorawa har ta koɗe, ƙannenta suka biyo baya. Na sake rasa ɗaya a cikinsu bayan wasu shekaru, kuma shi ma na yi masa ado iya kwanakinsa. Zafin rashinsa bai ragu ba don haka, sai dai ina da abin tunawa, har yadda yake murtuke fuska in ana sa masa hannun riga.

Inna ta daɗe da rasuwa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, ita da kunya ba ta bari ta kira sunana ba, ta buɗe ciwon da ta ɓoye shekara da shekaru don kada in gaje shi. Ban taɓa yi mata godiya da baki ba, ba a yin haka tsakaninmu. Addu'a nake bi da ita.

Yanzu jikokina tun ciki yana ƙarami suke zuwa su nuna min hotunan kayan jarirai a waya, wai in taya su zaɓe. Har yau sai bakina ya ɗauko cewa ku bari a haihu tukuna. Sai in haɗiye, in yi bismilla a zuci, in gyara tabarau in ce, "Matso da ita kusa, ban gani sosai ba."