Ciwon Huhun Mai Usur

Shekara ashirin da uku yana koyar da wasanni a firamare, har sunansa ya ɓace, kowa Mai Usur yake ce masa. Bai iya tafiya a hankali ba. Matarsa takan ce ko kasuwa za shi kamar an biyo shi da sanda.

Wata safiya yana zagaya fili da ɗalibai sai numfashi ya ƙwace masa. Ya dafa turken raga, leɓɓansa sun yi baƙi. Aka ce asma ce. Shekara biyu yana shaƙar magani, ƙafafu na kumbura, har takalmin gudu ya ƙi shiga.

Sai da aka ɗauki hoton zuciyarsa, likita ta ce, "Malam, hawan jini ne, amma a jijiyoyin huhu. Sun tsuke, zuciya tana shan wuya."

"Ana warkewa?"

"Ana dai lallaɓawa."

Ta rubuta ƙwayar buɗe jijiya, sau uku a rana, da ta rage ruwan jiki. Mai kemis ya duba takardar ya ce, "Malam, ai wannan maganin ƙarfin maza ne aka sauya wa riga." Mai Usur ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya ji dama-dama, ya koma aiki, amma a kan kujera a gindin bishiya. Bayan wata takwas jiki ya sake rikicewa. Aka ƙara wata ƙwayar, wadda sai ana ɗibar jini duk wata a duba hanta. Hantar ta ƙi, aka dakatar.

Saura hanya ɗaya: ɗan famfo da ake ratayawa a ƙugu, yana tura magani ta siririn tiyo zuwa ƙirji ba tsayawa. Babu shi a asibitinsu, sai an yi tafiyar kwana biyu, a koma can da zama.

"Baban yara, mu je mana," in ji matarsa.

"Na gaji. Ki bar ni a ɗakina."

Ta yi kuka, ta yi fushi, kwana uku ba ta kula shi ba. Bai sauya ba.

Ya ajiye aiki. Aka kawo tukunyar iskar numfashi aka girke gefen gado. Daga gadon zuwa banɗaki taku tara ne, a na biyar yake hutawa. Haka ya yi shekara guda da rabi.

Ranar da ya cika, da hantsi ne, matar tana shanya a tsakar gida. Ta shigo tambayarsa ko zai sha shayi, ta tarar da shi a zaune, ya jingina da bango, iskar tukunya tana ta fita.