Dattijon da Ya Kawo Bindigoginsa Panteka

Ina zaune a rumfar wani mai walda a Panteka, ina jiran a gyara mini ƙyaure, sai ga wani dattijo da akwatin katako a hammata. Dogo ne, tsayuwarsa ta tsohon soja. Farin kaftaninsa ya sha guga, amma ya yi masa yawa, kamar bai daɗe da ramewa ba.

Ya buɗe akwatin a hankali. Ƙananan bindigogi ne na zamanin yaƙin Hitila, an toshe bakin kowacce da dalma, sai ƙyallin mai suke yi. Ya ɗauki ɗaya yana shafawa.

"Wannan ta gwaji ce," in ji shi. "Ba a ƙera irinta da yawa ba. Na sha yawo kafin na same ta."

"To Baba, me za a yi musu?" mai walda ya tambaya.

"Yanka su za ka yi, ɗana. Duka."

"Ai ba sa harbi, Baba."

"Na sani. Amma tun da 'yan bindiga suka kashe autana a hanyar Birnin Gwari, mahaifiyarsa ba ta iya barci in bindigogin nan na cikin gidan."

Ina jin shi ma ba ya samun barcin. Injin yanka na kuka, tartsatsi na tashi, dattijon na kallo bai kau da kai ba. Da aka zo kan ta ƙarshe, sai ya riƙe ta a ƙirji.

"Wannan shi yake goge mini ita," ya ce. Sannan ya miƙa.