Ruwan da Muka Raina a Wangsa Maju

A shekararmu ta biyu a ƙasar waje, a unguwar Wangsa Maju, 'yata ta daina zancen ƙawaye. In ta dawo makaranta sai ta shige ɗaki. Babanta kullum yana jami'a kan bincikensa. Shi ya sa da ta ce tana son aksolotil ban musa ba. Wata halittar ruwa ce mai kama da ƙadangare, fara sol, da jar geza a gefen kai wadda take numfashi da ita.

Mai kedai ɗin kifi, wato kantin kifin ado, a unguwar Cheras ya ƙi sayar mana a ranar. Ya ce sai ruwan ya nuna tukuna, wato sai wasu ƙwayoyin da ido ba ya gani sun zauna a soson injin tacewa, su ne za su riƙa cinye dafin kashinta. Muka dawo da tankin gilashi babu kowa a ciki.

Makonni muna ciyar da ruwa. Mu ɗiga amoniya, abincin ƙwayoyin, da safe 'yata ta ɗebi kaɗan a 'yar kwalba ta zuba maganin gwaji. Kore na nufin da saura, rawaya muke jira.

"Umma, har yanzu kore ne," ta kan ce, ta ɗauki jakarta.

Da ya koma rawaya muka je muka ɗauko aksolotil ɗin. Sai kuma zafin garin. Halittar sanyi take so, don haka firjinmu ya cika da robobin ƙanƙara, in wannan ta narke a tanki in sa wata. 'Yata kan zauna a ƙasa tana miƙa mata tsutsa da ɗan matsefi, tana yi mata hira a hankali.

Sai aka ɗauke ruwan famfo a unguwarmu, kwana da kwanaki. Na bi layin motar ruwa da bokiti, abin da na samu da ƙyar ya ishi girki da alwala. Tankin bai samu canji ba. Da na samu ruwan da zan ƙara masa, maganinmu na kashe kulorin, sinadarin ruwan famfo mai cutar da ita, ya ƙare, kantunan kusa kuma babu. Na bar ruwan ya kwana kamar yadda maƙwabciyata ta ce, sannan na zuba, ban san ko hakan ya isa ba.

Kwalbar gwaji ta koma kore shar. Gezar aksolotil ɗin ta nannaɗe, ta daina cin abinci. Muka mayar da ita roba da ruwan sha na kwalba, amma mun makara.

"Za ta tashi?" 'yata ta tambayi babanta.

"Sai yadda Allah ya yi," ya ce.

Ranar Juma'a kafin azahar ta mutu. Na naɗe ta a ƙyalle, muka binne ta gindin wata bishiya a bayan bene. Babanta ya ce a sayo wata, 'yata ta girgiza kai. Tankin ya daɗe a baranda da ruwansa, har masu kula da ginin suka yi maganar sauro, babanta ya fita ya kife shi.